Tallafin Babur na Lantarki: Wa Ke Samu, Yaya Ake Nema, Kuma Me Ya Faru a Indonesiya?

Idan gwamnati ta ce ta sa tallafi a kan babur mai amfani da lantarki, me take nufi? Kyauta za a raba, bashi za a bayar, ko ragi za a yi a kan farashi? Wa ya cancanta, kuma ta wace ƙofa ake shiga?

Wani maƙwabcina ɗan acaɓa ne ya sa ni zaman rubuta wannan bayani. Ya tare ni a ƙofar gida bayan sallar Magariba, ya miƙo mini wayarsa mai fasasshen gilashi, ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan, da gaske ne?" Saƙo ne da aka yi ta turawa a WhatsApp, wai gwamnati na raba baburan lantarki, a cike fom, a tura lambar NIN da BVN, a biya naira 5,000 kuɗin rajista. Babu sunan ma'aikata, babu adireshin ofis, kuma asusun da aka ce a tura kuɗin na wani mutum ne. Na ce masa kada ya kuskura. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na gaskiyar yaya yake?" Wannan tambaya ta cancanci amsa mai tsawo. Misalin da ya fi bayyana komai a fili shi ne na Indonesiya, domin a cikin shekaru uku kacal shirinsu ya tashi, ya yi tuntuɓe, aka gyara shi, ya karɓu, sannan kuɗin ya ƙare.

Tallafi ba kyauta ba ne

Tallafi a nan yana nufin gwamnati ta ɗauke wa mai saye wani yanki na farashin babur, shi kuma ya biya saura. Yadda ake ɗauke yankin ne ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa.

A Indonesiya da Indiya, ragi aka riƙa yi a wurin dila. Mai saye ba ya ganin kuɗin gwamnati da idonsa: farashin da aka rage kawai yake biya, kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne zai je ya karɓi cikon daga baitulmali. A Pakistan, shirin da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2025 ya haɗa ragi da bashin banki wanda gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwansa, kuma da yake masu nema sun fi baburan yawa, ƙuri'a ake jefawa ta kwamfuta, tare da keɓe wa mata kaso ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma tallafin da ba ya bukatar fom ko kaɗan, wato a cire harajin shigo da kaya ko harajin saye a kan babur da batir, kamar yadda Ruwanda ta yi, farashi ya sauka ga kowa.

Duk wanda ya ji sanarwar irin wannan shiri, abu na farko da zai tambaya shi ne: wanne ne daga cikin waɗannan? Wanda ya shiga shirin bashi yana zaton kyauta ce, wata na biyu zai ga ma'aikacin banki a ƙofar gidansa.

Abin da ya tura Indonesiya

Indonesiya ƙasar babura ce. Baburan da ke da rajista a can sun haura miliyan 120, kuma a shekara ana sayar da sababbi kimanin miliyan 6. Suna da 'yan acaɓansu da suke kira ojek, waɗanda kamfanonin Gojek da Grab suka mayar da sana'arsu ta koma kan manhajar waya. Duk waɗannan babura fetur suke sha, kuma gwamnati ce ke riƙe farashin fetur ɗin talaka da tallafi. A 2022, da man ya yi tsada a kasuwar duniya, kuɗin tallafin makamashi ya kumbura ya kai rupiya tiriliyan 502. A watan Satumban shekarar gwamnatin Shugaba Joko Widodo ta ɗaga farashin litar fetur mai tallafi daga rupiya 7,650 zuwa 10,000, aka yi zanga-zanga a garuruwa da dama.

Lissafin gwamnati shi ne: gara a biya tallafi sau ɗaya a kan babur, da a yi ta biyan tallafi a kan kowace litar da zai sha har ya tsufa. Akwai dalili na biyu wanda ya fi na farko nauyi a wurin masu tsara manufofi. Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa haƙo ma'adinin nikel, wanda ake amfani da shi a wasu nau'o'in batir, kuma tun farkon 2020 ta hana fitar da shi ɗanye. Tana son masana'antun batir da na ababen hawa su kafu a cikin gida, kuma masana'anta ba ta kafuwa sai da masu saye. Hayaƙin da ya turnuƙe Jakarta, birni mafi girma a ƙasar, shi ne dalili na uku.

A watan Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin: ragin rupiya miliyan 7, wato kimanin dala 450 a lokacin, a kan kowane sabon babur na lantarki, an kuma yi hasashen babura 200,000 a shekarar. An ware irin wannan kuɗi ga mutum 50,000 da za su kai tsohon baburinsu a cire injin fetur a sa masa na lantarki. Sharaɗin da aka gindaya wa kamfanoni shi ne aƙalla kashi 40 cikin 100 na babur ɗin ya zama na cikin gida, kuma kada su ƙara farashi muddin shirin na tafiya.

Sharuɗɗan da suka kori masu saye

A nan ne labarin ya fi ilimantarwa. Domin kada masu hali su kwashe tallafin, dokar farko ta Ma'aikatar Masana'antu ta taƙaita shi ga rukuni huɗu: masu cin bashin ƙananan sana'o'i na gwamnati, masu ƙaramin jari da aka taɓa ba su agaji, ma'aikatan da ke karɓar tallafin albashi, da gidajen da ke kan ƙaramin layin wuta mai rangwame, wanda ƙarfinsa bai wuce VA 900 ba. Niyyar mai kyau ce, kuma ba na jin akwai wanda zai ƙi ta a takarda.

Amma a duba mutumin da aka nufa. Ma'aikacin da ke cikin tsarin tallafin albashi, galibi abin da yake ɗauka a wata bai wuce rupiya miliyan uku da rabi ba. Babur ɗin Gesits, wanda aka fi tallatawa a matsayin na gida, farashinsa a lokacin na kusa da miliyan 29; bayan ragi ya koma wajen miliyan 22. A gefe guda ga Honda Beat mai shan fetur a kan kimanin miliyan 18, wanda kowane bakanike a kowane ƙauye ya san cikinsa, kuma in ta ɓaci za a iya sayar da shi gobe da safe. Akwai baburan lantarki masu araha da ke sauka zuwa wajen miliyan 10 bayan ragi, sai dai ƙananan kamfanoni ne suka ƙera su, mutane ba su san ingancinsu ba, kamfanonin ba da bashin babur ma suna ɗari-ɗari da su.

Sannan ga batun wutar gidan. Gidan da ke kan layin VA 900, in aka jona cajar babur mai jan ɗaruruwan wat, ga firji na aiki, uwargida ta kunna tukunyar dafa shinkafa, sai mita ta yanke wutar. Wato an zaɓi mutanen da suka fi kowa ƙarancin kuɗin saye da ƙarancin wutar caji, aka ce su ne kaɗai za su saya. Masu kuɗin saye kuwa, irin ma'aikacin ofis da ke neman babur na biyu don zirga-zirgar cikin unguwa, an rufe musu ƙofa.

Bayan wata biyu da fara shirin, Moeldoko, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, ya fito fili yana mamakin cewa babura ɗari da 'yan kai kawai aka saya da tallafin. A watan Agusta aka sauya dokar. Aka soke rukunan huɗu, aka ce duk ɗan ƙasa mai shekara 17 zuwa sama da ke da katin shaida zai iya saye, amma lambar shaida ɗaya, babur ɗaya, sau ɗaya. Ciniki ya motsa, sai dai shekarar ta riga ta yi nisa: an rufe 2023 da babura 11,532 daga cikin 200,000 da aka yi buri. Ɓangaren sauya tsofaffin babura ya fi haka rauni, har aka ɗaga tallafinsa zuwa rupiya miliyan 10 a ƙarshen shekarar.

Yadda neman yake a aikace

Bayan gyaran, hanyar ta zama gajeriya. Mai saye zai je wurin dilan da ke da rajista a shirin, ya zaɓi babur daga cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince da su, ya miƙa katin shaidarsa. Dila zai shigar da lambar katin a rumbun bayanan shirin, wanda ake kira Sisapira, ya ga ko an taɓa amfani da ita. In ba a taɓa ba, nan take a rage miliyan 7. Sauran aikin, wato haɗa takardun rajistar babur, tantancewar kamfanin da gwamnati ta ɗauka don bincike, da biyan kuɗin ta bankunan gwamnati, duk tsakanin dila da kamfani da ma'aikata ne.

A lura da abin da babu a cikin wannan tsari. Babu kuɗin fom. Babu ɗan tsakiya da zai "shigar da suna". Babu tura kuɗi asusun wani mutum. Nauyin jiran kuɗin gwamnati a kan ɗan kasuwa yake, kuma dilolin sun yi ta kukan cewa biyan yana jinkiri, jarinsu na kwance. Wannan kuka na gaskiya ne, amma a ganina ya fi dacewa ɗan kasuwa ya jira gwamnati, da a ce talaka ya biya cikakken farashi sannan ya yi ta sintiri ofis yana neman a mayar masa da nasa.

Tsarin "lamba ɗaya, babur ɗaya" yana da nasa haɗarin. Lambar shaidar mutum ta zama abu mai daraja. Wanda ya ba wani aron katinsa don 'yan canji, ya sayar da damarsa ke nan har abada, kuma babur ɗin da ke yawo da sunansa, duk abin da aka aikata da shi, shi za a fara nema.

Da kuɗin ya ƙare

A 2024 gwamnati ta rage burinta sosai, ta ware wa babura 50,000, daga baya ta ƙara kimanin 10,000. Wannan karon tun kafin shekara ta ƙare aka cinye kason. Sai aka shiga 2025 da sabuwar gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto, wadda ta zo da tsuke bakin aljihu. Watanni suka yi ta wucewa ana cewa tallafi na nan tafe, bai zo ba. Masu saye suka noƙe suna jira, domin babu mai son biyan cikakken farashi yau a yi ragi gobe. Babura suka taru a rumbunan kamfanoni, ƙungiyar masu ƙera su ta yi ta kiran gwamnati ta faɗi matsaya ɗaya, ko a ci gaba ko a daina.

Indiya ma ta ɗanɗana irin wannan. A watan Yunin 2023 ta zaftare tallafin shirinta na FAME II, daga rupi 15,000 zuwa 10,000 a kan kowane kilowat-awa na batir, ta kuma rage iyakar tallafin daga kashi 40 na farashi zuwa kashi 15, ciniki ya faɗi a watan nan take. A can ne kuma aka gano wasu kamfanoni sun karɓi tallafi alhali kayan waje suke harhaɗawa suna cewa na gida ne, gwamnati ta nemi su mayar da kuɗin.

Abin da wannan ke nufi ga mai nema shi ne tallafi yana da wa'adi da adadi, kuma yana rataye ne da kasafin kuɗin shekara guda. Kamfanin da tallafi kaɗai ke riƙe da shi, in tallafin ya tsaya yana iya rufewa, ya bar mai babur da garantin da babu mai cika shi.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon baya suna cewa sabuwar kasuwa ba ta tashi sai an tura ta, kuma ribar ta kowa ce: ƙarancin hayaƙi, ƙarancin shigo da mai, ayyukan yi a masana'antu. Masu suka suna da hujjoji uku da ba za a yi watsi da su ba. Wutar Indonesiya fiye da rabinta da kwal ake samar da ita, don haka hayaƙin ya tashi ne daga titi ya koma tashar wuta, kodayake babur na lantarki ya fi na fetur tattalin makamashi. Sun kuma ce da kuɗin aka zuba a bas da jirgin ƙasa, da ya fi rage cunkoso. Tsohon gwamnan Jakarta Anies Baswedan ya yi irin wannan suka a 2023 game da tallafin motocin lantarki. Na uku, an yi ta nuni da cewa wasu manyan jami'an da ke tura manufar suna da alaƙa da kamfanonin da za su amfana.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Da aka buɗe shirin ga kowa, ya karɓu, amma wanda aka fara nufa da shi, mai ƙaramin ƙarfi, shi ne aka bari a baya. Matsalarsa ba ragin farashi kaɗai ba ce. Yana bukatar a ba shi damar biya da kaɗan-kaɗan, da wurin caji mai tabbas, da bakaniken da zai gyara masa a ranar da babur ya tsaya, domin ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya a gidansa.

Batir shi ne rabin maganar

Babur na lantarki ba shi da filogi, ba shi da kabireta, ba a yi masa juyen baƙin mai. Wannan sauƙi ne babba. Tsadarsa tana cikin batir, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin uku na farashin babur ɗin ko fiye. Batir iri biyu ne a kasuwa: na dalma, mai araha da nauyi, wanda ke saurin mutuwa, da na litiyam, mai tsada da daɗewa. Ƙaramin batir na litiyam irin na baburan cikin gari yakan yi tafiyar kilomita 50 zuwa 70, sannan ya nemi cajin awa uku zuwa biyar. Ma'aikacin da zai je ofis ya dawo, wannan ya ishe shi. Ɗan acaɓan da ke yin kilomita ɗari ko fiye a wuni, bai ishe shi ba, sai in akwai tashar musayar batir, inda zai ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. A irin wannan tsari batir ɗin na kamfani ne, farashin babur yana sauka, amma mai babur ya ɗaure kansa da kamfani ɗaya, domin batirin wani ba ya shiga na wani.

Lissafin kuɗin tafiya kuwa yana goyon bayan lantarki. A ƙaddara babur na fetur yana cin lita biyu da rabi a kilomita 100; in lita tana naira 900, an kashe naira 2,250. Na lantarki zai ci kimanin kilowat-awa 4 a wannan tazara. Ko a farashin Band A, wato rukunin masu biyan wuta mafi tsada a Najeriya, na naira 225 kowane kilowat-awa da aka sanar a Afrilun 2024, naira 900 ke nan. Amma wannan lissafi yana tsayawa ne in da wutar layi ko ta sola aka yi cajin. Wanda zai tayar da janareta don ya caja babur, ya koma sayen fetur ta bayan gida. Kuma dole a riƙa ware wani abu kullum don sayen sabon batir bayan 'yan shekaru.

Abin da ya shafe mu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma tsallake 1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa maganar babur na lantarki ta samu shiga. Jihar Ogun ta ƙaddamar da nata a 2024 tare da kamfanin Spiro mai tashoshin musayar batir, Ruwanda kuma ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Irin waɗannan sanarwa za su ƙaru, kuma 'yan damfara za su riƙa bin bayansu.

Muna da tambayoyi biyu da mutumin Jakarta ba shi da su. Ta farko zafi: batirin litiyam yana saurin tsufa in ana barinsa a rana ko ana cajinsa yana da zafi, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin bazara yana wuce digiri 40. Garantin batir a wurinmu ya fi ragin farashi muhimmanci. Ta biyu doka: Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, kuma akwai yankuna a Arewa da Nijar da aka taƙaita hawan babur saboda tsaro. Wanda zai ci bashin babur don haya, ya fara tabbatar da cewa inda yake an yarda a yi hayar.

Abin da na gaya wa maƙwabcina a daren nan shi ne ya bar saƙon waya, ya nemi sanarwar daga bakin ma'aikatar da aka ce ita ke da shirin, ko ta gidan rediyo, ko ta shugabannin ƙungiyarsu. In shirin ya tabbata, kafin ya sa hannu ya sa a rubuta masa jimillar abin da zai biya daga kafin alƙalami har biyan ƙarshe, ba abin da zai biya a mako kaɗai ba. Ya tambaya ko akwai kuɗin ruwa, da abin da zai faru in ya yi rashin lafiya ya kasa biyan wata guda. Ya san sunan wa ke kan takardun babur ɗin kafin a gama biya. Ya tambayi irin batirin, shekarun garantinsa, farashin sabo, da shagon da ake samun kayan gyara a garinsu, ya kuma taka da ƙafarsa ya ga shagon. Ya ce zai kai maganar wurin taron ƙungiyarsu na ranar Juma'a, domin akwai mutum uku a tasharsu da suka riga suka tura naira dubu biyar ɗin.